Daidaita Jerin Haƙora ga Masu Hular Haƙori da Haƙorin Makka

A ƙasar Hausa an daɗe ana gane wanda ya sauke farali da haƙorin Makka, wato suturar zinare ko ta azurfa da ake lulluɓe haƙori ɗaya ko biyu da ita a ƙasa mai tsarki, kuma a garuruwan yammacin Kano irin su Masanawa da ke ƙaramar hukumar Kabo, da Gwarzo mai maƙwabtaka da ita, wannan ƙyalli abu ne da ido ya saba gani a bakin alhazai maza da mata. Baya ga wannan sutura ta ado, akwai wadda likita ke yi domin magani, wadda ake kira hular haƙori, ita ce murfin da ake ƙera wa haƙorin da ya karye, ko kogo ya ci rabinsa, ko aka cire masa jijiya, a kifa masa a liƙe da siminti na musamman domin ya ci gaba da tauna. Yanzu da sanya wayar daidaita haƙora ke ƙara karɓuwa a tsakanin manya, tambayar da ke yawan tasowa ita ce ko mai irin wannan hula a bakinsa zai iya shiga wannan magani. Amsar masana ita ce zai iya, muddin saiwar haƙorin da dasashi da ƙashin muƙamuƙi suna da lafiya, sai dai hular tana sauya yadda ake kama haƙorin, tana kuma sauya tsarin abin da za a fara yi da abin da za a bari sai ƙarshe.

Yadda haƙori ke matsawa

Fannin likitancin da ke kula da karkatattun haƙora da muƙamuƙan da ba su haɗu daidai ba ana kiransa otodontik, kuma wanda ake ɗauka uban fannin shi ne likitan Amurka Edward Angle, wanda a shekarar 1899 ya kasa rashin daidaiton cizo gida uku bisa yadda turmin farko na sama, wato babban haƙorin tauna na baya, ke haɗuwa da takwaransa na ƙasa. A kashi na farko turamen suna haɗuwa daidai amma sauran haƙora sun cunkushe ko sun juya, a na biyu jerin sama ya yi gaba har haƙoran gaba su zaƙo, a na uku kuwa jerin ƙasa ne ke zarce na sama. Har yau da wannan rabo ake fara bayyana matsalar duk wanda ya zo neman gyara.

Abin da ya sa gyaran ke yiwuwa shi ne, tsakanin saiwar haƙori da ƙashin da take zaune a ciki akwai wani siririn tantani mai zaruruwa da jijiyoyin jini, wanda kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne. Idan aka ɗora wa haƙori matsi mai sauƙi wanda ba ya yankewa, sai tantanin ya matse ta gefen da ake tura haƙorin, ya miƙe ta ɗaya gefen, daga nan ƙwayoyin halitta masu narkar da ƙashi su buɗe hanya ta gaba, masu gina ƙashi kuma su riƙa cike gurbin da aka bari a baya. A haka haƙori ke tafiyar da ba ta cika wuce milimita ɗaya a wata ba. Duk wannan aiki a ƙarƙashin dasashi yake gudana, hula kuwa a saman dasashi take, saboda haka haƙori mai hula yana matsawa kamar ɗan'uwansa mara hula. Haka ma haƙorin da aka cire wa jijiya aka cike cikinsa, domin tantanin da ke kewaye da saiwarsa yana nan da ransa, matuƙar aikin cire jijiyar ya yi kyau kuma babu mugunya a ƙarshen saiwar.

Wahalar tana wajen liƙewa

Wayar da ake gani a bakin mutum ba ita kaɗai take aiki ba, tana bi ne ta cikin wasu ƙananan maɓallai da ake kira biraket, waɗanda ake liƙa wa kowane haƙori guda. A da, sai an zagaye kusan kowane haƙori da zoben ƙarfe kafin a samu abin ɗaura waya. A shekarar 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa idan aka shafa wa farin ɓawon haƙori ruwan asid na fosforik, fuskarsa takan yi ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda gam ke shiga ya kama, kuma a 1965 George Newman ya yi amfani da wannan dabara wajen liƙa maɓallai kai tsaye a jikin haƙori. Yau ana amfani da asid mai ƙarfin kashi 37 cikin 100 na kimanin daƙiƙa 30, a wanke, a busar, a sa gam, a haska masa shuɗin haske ya daskare. Matsalar mai hula ita ce wannan asid ba ya cin tangaran, ba ya cin zinare, ba ya cin baƙin ƙarfe, don haka maɓallin da aka liƙa ta hanyar da aka saba yakan faɗo da cizon farko.

Kowace irin hula tana da nata shiri. Idan ta tangaran ce, likita yakan fara killace haƙorin ya rufe dasashi da leɓe, sannan ya ɗan karce ƙyallin wurin da maɓalli zai zauna, wurin da faɗinsa bai kai ƙwayar wake ba. Daga nan ya ɗiga asid na haidurofulorik mai ƙarfin kusan kashi 10 cikin 100, wanda ke iya cin gilashin da ke cikin tangaran, ya jira minti ɗaya ko biyu yana lura kada ɗigo ya taɓa nama domin yana ƙuna ƙwarai, ya zuƙe shi, ya wanke da ruwa mai yawa, ya busar har wurin ya koma fari fat ba ƙyalli. Sai ya shafa wani ruwa mai suna silen, wanda ɗaya ɓangarensa ke kama tangaran ɗayan kuma ke kama gam, kafin ya ɗora maɓallin ya danna ya goge rarar gam da ta fito ta gefe. Idan hular ta zakoniya ce, wato wani farin ma'adini mai tsananin ƙarfi da ya yaɗu a shekarun baya-bayan nan, wannan asid ma ba ya yi mata komai tun da babu gilashi a cikinta, sai a fesa mata garin aluminiyam oksaid mai laushi da iska mai ƙarfi domin fuskarta ta yi kaushi, a shafa mata ruwan share fage da aka yi domin irinta. Hular ƙarfe ma haka ake fesa mata, amma idan a turmi take, likitoci da yawa sukan koma ga tsohuwar hanya ta zobe, su cusa ƙaramar roba tsakanin haƙora na 'yan kwanaki domin a samu sarari, sannan su zura zoben su liƙe shi da siminti.

Akwai iyakar ƙarfin da ake so gam ya yi, domin abin da aka liƙa wata rana sai an ɓamɓare shi. Idan kamun ya yi rauni maɓalli zai riƙa faɗuwa magani ya yi ta ja da baya, idan kuma ya yi ƙarfi fiye da kima tangaran na iya tsagewa ko ya ɓalle ranar cirewa. Ko da an cire lafiya, wurin da aka karce ba ya komawa ƙyallinsa na asali sai an goge shi da man gogewa na musamman, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ya kamata a faɗa wa mai hula tun kafin a fara, domin ya san cewa hular da ya shiga da ita ba lalle ba ne ita zai fita da ita.

Matsayin haƙorin Makka

Haƙorin Makka yana buƙatar dubawa ta daban, saboda sau da yawa kwasfa ce ta ƙarfe da ake kifawa kan lafiyayyen haƙori cikin ɗan lokaci, ba a auna baki an ƙera ta daidai da haƙorin mutum kamar yadda ake yi wa hular asibiti ba. Idan likita ya bi bakinta da siririn ƙarfen bincike, yakan tarar da ɗan tudu ko rata a inda ta haɗu da dasashi, inda ragowar abinci ke maƙalewa, dasashin wurin ya yi ja ya kumbura ya riƙa zubar da jini lokacin asuwaki. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta irin wannan rata ƙwayoyin cuta ke shiga su ci haƙori a ɓoye shekara da shekaru ba tare da mai shi ya sani ba. Hoton eksire ba ya ratsa ƙarfe, saboda haka abin da ke ƙarƙashin kwasfar ba ya fitowa a hoto sai abin da ya kai bakinta ko ya gangara saiwa. Bugu da ƙari, kwasfar da aka kifa ba tare da an rage haƙori ba tana ƙara masa faɗi da kauri, alhali lissafin daidaita jeri lissafi ne na milimita, wanda ƙarin rabin milimita ke iya ɓata shi.

Saboda waɗannan dalilai likita kan ba da shawarar cire kwasfar kafin a fara, a duba haƙorin, a cike kogo idan akwai, a liƙa maɓalli a kan haƙorin kansa idan ba a taɓa rage shi ba. Wanda haƙorin Makka ke da daraja a zuciyarsa, don shi ne shaidar tafiyar da ya tara wa kuɗi shekaru, ba a hana shi mayar da ado bayan an gama, sai dai a ƙera masa sabuwa da aka auna da bakinsa, wadda za ta zauna daf da dasashi ba rata.

Gada da dashen haƙori

Abu biyu ne mutane ke ɗauka hula ce alhali hukuncinsu daban. Na farko shi ne gada, wato haƙorin roba ko na tangaran da ake cike giɓi da shi a haɗe da huluna biyu da ke kan haƙoran da ke gefensa. Tun da an ɗaure haƙora biyu ko fiye sun zama abu guda, ba a iya matsar da ɗaya a bar ɗaya, don haka ko dai a bar gadar yadda take a tsara gyaran a kewaye da ita, ko a yanka ta a raba haƙoran, a sake wata bayan an gama. Na biyu shi ne dashe, wato ƙusar taitaniyom da ake dasawa cikin ƙashi a ɗora mata hula, dabarar da likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ya fara yi wa ɗan Adam a 1965 bayan ya gano cewa ƙashi na manne wa wannan ƙarfe kai tsaye. Wannan mannewa ita ce ƙarfin dashe, ita ce kuma ta sa ba ya matsawa ko kaɗan, domin ba shi da tantanin da haƙori ke tafiya da shi. Likita na iya mai da shi turken da zai ja sauran haƙora da shi, amma idan an dasa shi a gurbin da bai dace ba, gyaran sauran jeri yakan yi wuya. Wannan ne ya sa ƙa'ida ta zama a daidaita jeri tukuna, a buɗe giɓin daidai faɗin da ake so, sannan a yi dashe.

Abin da ake fara yi da abin da ake jinkirtawa

Tsarin aiki ga mai hula yana da matakai da ba a tsallake su. Ana farawa da kawar da cuta, wato wankin haƙori, da maganin ciwon dasashi, da cike koguna, da sake duba duk haƙorin da aka cire wa jijiya, domin matsar da haƙori a cikin dasashi mai ciwo yana hanzarta zaizayar ƙashi, musamman ga masu ciwon suga da masu shan taba. Idan tsohuwar hula ta yi rata ko tana girgiɗi, ko kuma an ƙera ta da wata siffa domin ta ɓoye karkatar haƙorin, sai a cire ta a sa ta wucin gadi ta roba, wadda ke karɓar gam cikin sauƙi kuma ake iya rage ta ko a ƙara mata yayin da jeri ke sauyawa. Hula ta dindindin sai bayan an cire waya, an bar dasashi ya lafa, domin hular da aka ƙera daidai da cizon jiya ba za ta dace da cizon da za a samu bayan shekara biyu ba, kuma wanda ya biya kuɗin tangaran kafin gyara yana iya biya sau biyu.

Wani lokaci ma wayar ce ke ceto haƙorin da za a sa wa hula. A yankin da babur ya zama abin hawan yau da kullum, karyewar haƙoran gaba a haɗari abu ne da likitoci ke yawan gani, kuma idan karayar ta gangara ƙasa da dasashi, hula ba ta da abin kamawa, tun da tana buƙatar lafiyayyen haƙori na kimanin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kewaye. Maimakon a tumɓuke saiwar, ana iya jawo ta waje a hankali cikin makonni, a riƙe ta har ƙashi ya zauna, sannan a gina mata hula. Haka kuma turmin da ya kwanta cikin giɓin maƙwabcinsa da aka cire shekarun baya ana iya tayar da shi tsaye domin gada ko dashe su sami mazauni. Sai dai haƙorin da ya bugu yakan buƙaci a jira watanni, wani lokaci shekara, kafin a ɗora masa matsi, kuma ana bin sa da hoto, domin irinsa ya fi saurin zaizayar saiwa.

Akwai kuma hanyar da ba ta amfani da waya, wato kwasfar roba garai-garai da ake sanyawa a cire, wadda kamfanin Align Technology na Amurka ya yaɗa da sunan Invisalign tun ƙarshen shekarun 1990. Ana sanya ta awa 20 zuwa 22 a rana, a sauya sabuwa kowane mako ɗaya ko biyu. Tana rage buƙatar karce hula, amma ba ta kawar da ita gaba ɗaya ba, domin sau da yawa sai an liƙa wa haƙora ƙananan tudun gam da roba za ta kama, kuma cire ta da mayarwa kullum na iya fizge hular da simintinta ya saki.

Daga Masanawa zuwa Kano

Ga mutumin Masanawa ko Kabo ko Gwarzo, lissafin wannan magani ya haɗa da lissafin hanya. Asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gwarzo, shi ne wurin fara neman shawara da takardar turawa gaba, amma ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne a Najeriya kuma a manyan birane suke, domin bayan digirin likitan haƙori sai mutum ya ƙara shekaru na horo a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. A Kano, babbar cibiyar ita ce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, inda Tsangayar Likitancin Haƙori ta Jami'ar Bayero ke koyarwa, kuma amfanin irin wannan wuri ga mai hula shi ne likitan daidaita jeri da likitan ƙera hula suna iya zama su tsara aikin tare. Tafiyar daga Gwarzo kusan kilomita 70 ce ta Rimin Gado da Kabuga, kuma maganin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye, ana komawa kowane mako huɗu zuwa takwas, ban da zuwan gaggawa idan maɓalli ya faɗi, abin da ya fi faruwa ga mai hula. Manomin da damina za ta tsare shi a gona, da ɗalibar makarantar kwana, da mai niyyar tafiya ci-rani, duk ya kamata su faɗa wa likita tun farko, domin wayar da aka bari watanni ba kulawa tana iya kai haƙora inda ba a nufa ba.

Cima ma tana sauyawa. Rake, da aya, da goriba, da ƙuli-ƙuli, da gasasshiyar masara, da ƙanzo, da gaigayar ƙashi, da fasa goro da haƙoran gaba, duk suna ɓalle maɓalli, alawa mai danƙo kuma tana iya ɗago hula. Asuwaki yana da amfani, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya yadda ya kamata, don haka ana haɗa shi da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, da ɗan ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora, a mai da hankali ga bakin hula inda ta haɗu da dasashi. Matar da kunnenta ke ƙaiƙayi ko kumburi idan ta sa ɗankunnen ƙarfe ta sanar da likita, domin hakan alama ce ta rashin jituwa da nikel, kuma wayar farko mai laushi da George Andreasen ya shigo da ita fannin a farkon shekarun 1970 kusan rabinta nikel ne. Wayar da ake sa wa mutane don ado a shagunan kwalliya ko a saya ta intanet tana da haɗari ga kowa, ta fi haɗari ga mai hula, kuma haƙƙin majiyyaci ne ya tabbatar wanda zai taɓa bakinsa yana da rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci da likitocin haƙori lasisi a Najeriya.

Ta fuskar addini, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana goge haƙora don buɗa tsakaninsu saboda ado, amma malamai da dama sun bambanta wannan da gyaran aibi ko matsalar tauna da magana, wanda suke ɗauka a matsayin magani. Ta fuskar al'ada kuma, wushirya ta halitta ado ce a idon Bahaushe, ko da yake littattafan Turai na lissafa ta cikin abubuwan da ake rufewa, saboda haka mai son a bar masa tasa ya faɗa tun ranar tsara aiki, domin faɗin hulunan gaba da za a ƙera ya dogara da wannan shawara.

Cire waya ba shi ne ƙarshen magani ba, domin haƙora suna da halin komawa inda suka fito, shi ya sa ake ba da mariƙi, wato roba da ake kwana da ita ko siririyar waya da ake liƙawa a bayan haƙoran gaba. Idan aka sauya hula bayan an ƙera mariƙi, dole a sake auna baki a yi sabo, in ba haka ba tsohon ba zai shiga ba, kuma 'yan makonni ba mariƙi sun isa jeri ya fara motsi. Don haka kafin a liƙa maɓalli na farko, ya kamata mai hula ya samu amsar abu huɗu a rubuce: da me aka yi hularsa, wace ce za a cire wace ce za a bari, nawa ne jimillar kuɗin waya da sababbin huluna da mariƙi, kuma wane likita ne zai ƙera hular ƙarshe idan an gama.